Daɓen Ɗan Fari

Duk abin da Salihu ya aika wa mahaifiyarsa Gudiya a Liba ba ya daɗewa a hannunta. Ya aika atamfa, ta miƙa wa matar ƙanensa. Ya aika gado da katifa, ta sa aka kai wa wata jikarta da za a yi wa aure a Karaye, ita kuma ta ci gaba da kwana a tsohon gadonta na ƙarfe wanda in ta juya sai maƙwabta sun sani. Har tunkiya ya taɓa aikawa da goshin Babbar Salla, kafin gari ya waye an gan ta ɗaure a ƙofar gidan liman.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Salihu ɗan fari ne, Gudiya kuwa irin matan zamanin da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa. In ta kama dole sai ta ce "mai albasa", ko "na Aliero". In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska ta amsa wa bango, a taƙaice, sannan ta nemi wani aikin da ba ya bukatar yi ta kama. Tun ranar da aka kai shi yaye gidan kakarsa a Andarai ba a dawo da shi ba. Can ya girma, daga can ya bi motar albasa zuwa Aliero, ya fara da dako, ya koma awo, har ya zama mai loda tasa motar zuwa kudu.

Yanzu ya haura hamsin, gemunsa ya yi furfura, shi ma ya aurar da 'ya'ya. Ya san al'ada sarai, ba baƙo ba ne. Amma sanin abu daban, zafinsa daban. Mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo kasuwa, in ya baro Liba sai ka ga ya yi shiru a mota har Maiyama. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga wani abu nasa ya zauna a wurin tsohuwar nan, ya san ta karɓa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Bushira, ita ma sau ɗaya.

Wata damina ya zo gaisuwa ya tarar da tsakar gidan ya zama caɓi. Yana tsaye Gudiya ta fito da buta za ta yi alwala, taɓo ya riƙe mata silifa ɗaya, ta bar shi nan ta wuce da ƙafa ɗaya a ƙasa. A nan dabara ta faɗo masa. Zai zuba wa tsakar gidan siminti tun daga bakin zaure har ƙofar ɗakinta. Ya faɗa wa Bushira yana dariya cewa wannan karon sai ya ga yadda za a naɗe daɓe a kai gidan liman.

Da rani ya yi, albasa ta yi daraja, sai ga shi da a-kori-kura cike da siminti, wata na biye da yashi da tsakuwa. Ya ɗauko wani magini daga Jega mai suna Gado, mutum mai fara'a da saurin hannu, wanda ba ya musu da mai aiki. Gudiya ta ɗauki tabarmarta ta koma inuwar maƙwabta. Salihu ya naɗe hannun riga ya tsaya a kan aikin, yana nuni da yatsa, shi da bai taɓa kwaɓa ko kwano ɗaya na siminti ba. Abin da ya dame shi biyu ne: a ɗaga dokin ƙofar zaure kada ruwan titi ya shigo, sannan a goge daɓen ya yi sumul har ya riƙa ƙyalli.

An yi masa duka biyun. Abin da ba a yi ba shi ne abin da ba wanda ya tuna. Ruwan gidan tun asali ta rariya yake fita, wata kafa a gindin katangar yamma, kuma da can ruwa da kansa ya sassaƙa 'yar hanya a ƙasa zuwa gare ta. Masu aiki daga wajen rariyar suka fara, lokacin kwaɓi na da yawa, hannu a sake, suka zuba shi da kauri. Ƙofar ɗakin Gudiya ce ƙarshe, lokacin buhunan sun kusa ƙarewa, sai aka ja abin da ya rage aka shimfiɗa. A ido dai daɓe ne miƙaƙƙe. Ana tsakiyar zafi, ruwan sha ma sai an je rijiya, wa zai ɗebi bokiti ya kwara a ƙasa don ya ga inda zai nufa?

Da aka gama, daɓe ya bushe, Gudiya ta dawo ta taka shi ta shige ɗaki. Salihu ya durƙusa a inda ya saba. Ya jira. Ta kira Ni'ima, matar ƙanensa Shafi'u, wadda suke zaune gida ɗaya, ta ce a ba baƙi fura kafin su kama hanya. Abin da aka samu ke nan. Ya sha furar ba tare da ya ji ɗanɗanonta ba, ya koma Aliero.

Ruwan farko ya sauka da hantsi, mai ƙarfi. Kwanon ɗakuna ya kwararo shi tsakar gida, ƙasar da take shanye rabinsa tana ƙarƙashin siminti, dokin ƙofa ya tare gabas, rariya kuma ta koma kan tudu. Ruwa bai yi shawara da kowa ba, ya gangara ya kwanta a ƙofar ɗakin Gudiya, ya kai idon sawu. Aka ɗauke ruwan sama, rana ta fito, ko'ina ya bushe, shi yana nan. Shafi'u ya tsaya yana kallo yana sosa ƙeya. Gudiya ta ɗauko tsintsiya ta sunkuya ta fara tura shi wajen rariya. Ta tura, ya dawo, ta tura, rabi ya dawo. Sai wajen azahar ta ga ƙasan daɓen.

Haka daminar ta tafi. In an yi ruwa ta share. In an yi na safe ta share, aka ƙara na yamma, sai ya kwana. Inda ya saba kwana gansakuka ta fito, kore shar, mai santsi kamar miyar kuɓewa. Kashin awaki da na kaji duk nan ruwa yake tara su, sai wurin ya riƙa tashi da wari in rana ta buga. Sauro ya samu gida bai biya haya ba, har ana ganin 'ya'yansa suna wutsil-wutsil a ciki, kuma 'yar autar Ni'ima ta sha zazzaɓi a daminar nan har sai da aka kai ta asibiti a Maiyama. Ɗakin Gudiya ginin ƙasa ne, gindin bangonsa ya jiƙe ya yi baƙi, ya fara zubar da ƙasa. A ciki, buhun geronta da ke jingine da bangon ya yi hunhuna ta ƙasa. Tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsage saboda tsayuwa cikin ruwa, tana shafa man kaɗanya tana komawa.

Ni'ima ta yi ta ƙoƙarin karɓar tsintsiyar, Gudiya ta hana. Ta ce ƙofarta ce. Ni'ima mace ce mai baki, amma ba a kan surukarta ba, don haka Shafi'u ne ya riƙa shan ƙorafin a ɗaki. Da abin ya ishe shi sai ya aro diga, ya ce zai tsaga wa ruwan hanya daga ƙofar zuwa rariya, aikin da ba zai ci masa yini ba. Yana auna inda zai fara sara, Gudiya ta fito da kujerarta ta ajiye daidai wurin ta zauna.

"Kai kay yi shi?" ta tambaye shi.

"A'a, Inna."

"To aje digarka."

Ya ce to a bari ya buga wa Yaya waya ya gaya masa, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce duk wanda ya kai wannan magana Aliero, ita da shi ne. Shafi'u ya girma, yana da 'ya'ya, yana da gonarsa, amma bai girmi wannan kallon ba. Ya mayar da diga gidan mai ita.

Shi da Ni'ima sun yanke hukunci a tsakaninsu cewa kunya ce. Uwar da ba ta iya cewa ɗan fari sannu, ta yaya za ta aika masa cewa aikinsa ya ɓaci? Ni'ima ta ce wannan kunya ta wuce gona da iri, ta zama cuta. Shafi'u ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a ƙyale tsohuwa. Daga nan suka bar maganar, suka koyi rakuɓewa ta gefen bango in za su shiga gaishe ta.

Salihu kuwa bai san komai ba, kuma ba don ba ya zuwa ba. Yana zuwa. Sai dai al'adarsa ce ya buga wa Shafi'u waya kafin ya taso. Da Gudiya ta ji na Aliero yana hanya, sai ta tashi da tsintsiya da toka da yashi, ta kore ruwan, ta kankare gansakuka, ta jawo turmi da tsohuwar tabarma ta rufe gindin bangon da ya yi baƙi. Sai ya iso ya tarar da daɓe fes, ya durƙusa a kai, a amsa wa bango gaisuwarsa. In Shafi'u ya raka shi mota yakan tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko daɓe yana nan lafiya. Shafi'u ya ce lafiya lau. Ko Inna ta ce wani abu a kai? Shafi'u ya ce ai ka san Inna. Salihu ya gane abin yadda ya saba ganewa: daɓen ma da yana ɗaukuwa da tuni yana Karaye.

Rani ya zo ya rufa wa kowa asiri. Damina ta biyu ta zo ta fi ta farko ruwa, Gudiya kuma ta ƙara shekara. Da marka ta kankama, aka yi ta yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sharar ta fi ƙarfinta. Ta share nan, can ya cika. Gansakuka ta yi kauri har ta haura dokin ƙofarta.

Wata la'asar, an ɗan tsagaita, ta fito da buta. Ƙafar dama ta sauka lafiya, ta hagu ta tafi ta bar ta. Ni'ima tana wajen murhu ta ji faɗuwar, ta ji butar tana gangarawa. Gudiya ba ta yi ihu ba, salati ta yi. Tana kwance a gefe cikin ruwan, zanenta ya jiƙe sharkaf, da aka zo ɗaga ta sai ta ce a bi a hankali, ƙafar ba tata ba ce yanzu.

A bayan motar ɗaukar albasa aka shimfiɗa mata katifar Ni'ima aka nufi Aliero, wurin masu ɗori. Mai ɗorin ya shafa, ya danna, ya ce ƙashin cinya ne ya karye. Aka riƙe ta, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Zufa ta wanke mata fuska. Ya ce ƙashin tsoho ba ya gaggawa, za ta daɗe a kwance, kuma a ajiye ta kusa inda zai riƙa zuwa dubawa. Gida mafi kusa na Salihu ne. Gudiya ba ta taɓa kwana a gidan ɗanta na fari ba, sau ɗaya ma ta taɓa shiga, ranar wani suna, ta fita kafin a raba goro. Wannan karon ba a nemi shawararta ba. Bushira ta kwashe kayan ɗaki guda aka kwantar da ita, Ni'ima ta zauna jinya.

Salihu ya tambayi ƙanensa yadda aka yi. Shafi'u ya ce tsautsayi ne, santsi ne ya kwashe ta. Santsi a ina? A tsakar gida. Salihu ya ce wane santsi a kan siminti? Shafi'u ya fara kame-kame, ya ce bari ya je ya sallami direba.

Ni'ima ce ta faɗa. Ta ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ita ba ta yi wa kowa alkawari ba, kallon ma mijinta aka yi wa. Ta durƙusa nesa da yayan mijinta, kanta a ƙasa, ta zayyana masa komai: inda ruwan yake kwanciya, sharar, sauron, bangon, digar da aka mayar, tokar da ake kankare daɓe da ita duk ranar da aka ce yana hanya. Ta faɗa da ladabi, amma ba ta rage ko ɗaya ba. Damina biyu tana haɗiye maganar, ta fito da zafinta.

Washegari da aka yi ruwa Salihu ya tafi Liba bai buga wa kowa waya ba. Ya shiga ya ga abinsa da idonsa. Ruwa kwance daga ƙofar ɗakin har kusan tsakiyar gida, kore, kaji na zagaye shi. Ya cire takalmi ya shiga, shi ma sai da ya dafa bango. Ya kawar da turmin da tabarmar ya danna gindin bangon da yatsa, yatsan ya shige. A bayan ɗakin ya ga tarin guntayen tsintsiya da siminti ya cinye har gindi, an jingine su wuri ɗaya. Ya daɗe tsaye yana kallonsu.

Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya bi bayanta. Ya karya mahaifiyarsa da hannunsa, wannan ɗaya. Na biyun ya fi yi masa ciwo: ashe ta gwammace ta karye da ta aika masa da kalma ɗaya. Shi bai kai a yi masa godiya ba, bai ma kai a yi masa faɗa ba. A hanyar komawa ya tsaya a Jega ya yi magana da 'yan ƙwadago masu manyan guduma, ya ce su same shi da safe. Daɓen duka za a fashe, a kwashe ɓaraguzan a zubar a bayan gari, a mayar mata da ƙasarta yadda ya same ta. Daga nan kuma ya gama. Zai riƙa ba Shafi'u abin da ya samu ya yi mata hidima da sunansa, shi ba zai ƙara kai komai ba.

Ya iso gida kafin magariba. Ya je ƙofar ɗakin da take ya durƙusa. Tana kwance fuskarta na bango, Ni'ima na zaune a ƙasa tana yi mata fifita. Ya gaishe ta, ta amsa can ciki. Sai ya yi yadda aka saba yi a tsakaninsu, ya juya ga Ni'ima.

"Ki ba Inna haƙuri. Na tahi na gani. Gobe in Allah ya kai mu za a hwashe shi duka."

Ni'ima ta buɗe baki za ta maimaita, Gudiya ta riga ta.

"Ni'ima, hwaɗa ma mai gidanga ban ce a hwasa ba."

"Shi yak karya ta," in ji Salihu. "Damana biyu tana wahala da shi, ba wanda yag gaya man."

Gudiya ta gyara kanta a kan filo, ba ta juyo ba, ta ci gaba da magana da bango, a hankali, kamar mai ba da saƙon cefane.

"Hwaɗa mai, sadda anka ɗauke shi anka kai Andarai, ko tahiya bai ƙware ba. Ban wanke mai riga ba, ban tuƙa mai tuwo ba. Da yay yi ƙyanda ban tahi ba, don kada a ce ban da kunya, na zamna gida ina jin labari nai ga bakin mutane. Abin da duk ya aiko, in na riƙe, ido na bisa gare ni. Wanga ko ba mai cewa in bayar. Nashi na, kuma ƙohwata yake, in na share shi wa ka cewa na yi rashin kunya? In ruwa ya kwanta, ni ka tashi in share. Ban taɓa gajiya ba."

Ta numfasa, ta ƙara da cewa, "A bar man abina."

Maficin ya tsaya a hannun Ni'ima. Ta dubi Salihu ta tambaya da ƙaramar murya ko ta maimaita. Ya girgiza kai. Yana durƙushe, dattijo da furfurarsa, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan gwiwa, bai share ba. Bushira da ta taho da kwanon kunu ta hango shi ta koma da baya.

Gudiya ba ta bar abin ya yi tsawo ba. Ta ce wa Ni'ima in mai gidan yana son gyara, ya huda wa ruwa hanya, iyakarta ke nan, kuma da hannunsa, kada ya tura kowa. Sannan ta ce kunun nan da ta ji ƙamshinsa, sai ya huce za a kawo ne?

Da safe ya sallami masu guduma, ya ba su na mota. Ya sayi ƙaramar guduma da kurfi, ƙarfen da ake sassaƙa siminti da shi, ya tafi Liba. Shafi'u ya kawo igiya za a ja layi, Salihu ya ce ba sai an ja ba, yana gani. Ya tsuguna ya fara daga ƙofar ɗakin. A nan simintin ba kauri, ya yi ta tafiya. Da ya doshi rariya, inda Gado ya zuba da hannu a sake, sai aiki ya tsaya masa. Ya bugi babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Shafi'u ya miƙa hannu ya fi a ƙirga, ana ce masa ya je ya duba gonarsa. Aikin yini ɗaya, sai da Salihu ya yi ta zarya tsakanin Aliero da Liba kusan mako. Ya karce fuskar daɓen a ƙofar don ya rage santsi, ya sa aka toshe gindin bangon da sabuwar ƙasa. Ruwan da aka yi bayan nan ya bi hanyar ya fita, yana tafe yana lanƙwasa, amma ya fita.

Sai bayan an yanke gero mai ɗori ya kwance ƙafar. Ta haɗu, amma ta gajarta, kuma ƙugun ya ƙi lanƙwasuwa. Gudiya ta tashi da sanda, da ita za ta ƙarasa sauran kwananta, kuma ba ta sake iya sunkuyawa da tsintsiya ba. Salihu ya san wannan, ya san kuma daga ina ya fito, ba wanda ya iya cire masa shi daga rai.

Shi ya kai ta gida da kansa, Bushira ta rako su. Aka sauko da ita a ƙofar zaure, ta ƙi a riƙe ta, ta shiga tana dogarawa. A tsakar gida ta tsaya. Ta bi hanyar ruwan da ido tun daga ƙofarta, inda ta fara siririya, ta yi faɗi a tsakiya, ta kauce wajen turmi, ta dawo ta faɗa rariya. Ta sa bakin sanda a ciki ta ɗan ja.

"Ta karkace," ta ce wa Ni'ima.

Shafi'u ya yi caraf ya ce zai nemo magini a daidaita ta.

"Wa yat tambaye ka?" in ji Gudiya. Ta ɗaga ƙafar mai lafiya ta tsallake, ta jawo ɗayar, ta shige ɗaki.

A hanyar Aliero Salihu bai yi shiru ba. Tun kafin su fita Liba ya juya ya tambayi Bushira ko ta ji abin da Inna ta ce. Ta ce ta ji, ai tana wurin. Ya ce ta ce ta karkace. Suka wuce Maiyama ya sake faɗa, yana tuƙi yana murmushi, yana duban tabon da ke tafin hannunsa. Ya ce kuma gaskiyarta, wajen turmin nan hannunsa ya kauce, ashe ta lura.